Ginshiƙi Na Biyar

Juma'a, 10 ga Yuli, 1992, bayan sallar asuba

Alhaji Manga ya ce in nemi littafi in rubuta duk abin da na sani game da sito tun ranar da muka fara aiki, don kada bakina ya riga hankalina idan masu tambaya suka zo. Surukina ne, ginin kuma nasa ne, sai na ce to. Littafi biyu na saya. Ɗaya na masu tambaya. Wannan nawa ne.

Abin jiya ya faru wajen ƙarfe sha ɗaya na safe. Ina gida a Sintali, wanzami na yi mini aski. Kowa zai shaida.

Kwana uku aka yi ana ruwa. Wannan zai shiga ɗaya littafin, a layin farko.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Na je na duba. An kewaye tsakiyar siton da igiya, mutane sun yi cincirindo kamar ana rabon taki.

Mutanen garin nan ba su san abin da suke da shi ba. Turawan kamfani suka gina shi don auduga da gyaɗa tun ba a haife ni ba. Tsawonsa ƙafa ɗari da ashirin, faɗi arba'in. Bangon dutse ne zalla, kaurin ƙafa biyu, shi ya sa ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. An ɗaga daɓen daidai tsayin bayan babbar mota, a mirgino buhu kai tsaye. Can ƙarƙashin kwano akwai 'yan ramukan shan iska, an karkata su yadda iska za ta shiga ruwa ya tsaya waje. A tsakiya ginshiƙan dutse tara ne a jere, suna ɗauke da katakon maɗacin da ya riƙe rufi. Mahaifina ya yi shekara ashirin yana malamin sikeli a wurin. A kan wannan daɓen na koyi tafiya.

Da aka ba mu jiha bara, ma'aikata suka kwararo daga Yola, kowa yana neman inda zai sayi katifa da risho, ga sito a tsakiyar gari jemagu suna kashi a ciki. Ni na ce wa Alhaji ya saya. Ni na zana komai: ƙofa takwas ta gefen titi, takwas ta baya, ƙananan shaguna sha shida, da babban shago guda a tsakiya wanda ya ratsa daga titi har baya. A sama na zuba bene na kankare don ajiyar kaya. Dutsen kuwa na hana a shafe shi da siminti. Ko a Yola ba su da irinsa.

Yanzu idan ka tsaya a ƙofar babban shagon sama kake hangowa. Benen ya sauko gaba ɗaya, ya jawo katako uku da kwanon da ke kansu. An ce sai da ƙarti ashirin suka haɗu kafin su ɗaga. Dinatu tela ce kaɗai a ciki, 'yar Baba Tobias magini. Tana asibiti.

Na ga almakashi da takalmin roba ƙafa ɗaya. Ban taɓa ba.

Bangon Turawa ko tsaga bai yi ba. Ginshiƙai takwas suna nan lafiya lau.

Asabar, 11 ga Yuli, da hantsi

Ruwa ya ɗauke. Na karya da ƙosai da kunu, na ƙara.

Litinin, 13 ga Yuli, bayan azahar

An kama Baba Tobias da safe a ƙofar asibiti. An ce bai yi gardama ba, ya miƙa wa ɗansa Matiyu kwanon da ke hannunsa ya bi su.

Alhaji ya kira ni zaurensa. Ba ma haɗa ido saboda kunyar surukuta, kuma yau abin ya yi mana amfani mu duka biyu. Yana kallon tabarma ya ce, "Injiniya, zanen da aka buga wa hatimi, ginshiƙi nawa ne a ciki?"

Na ce, "Tara, Alhaji."

"Boɗɗum, madalla. To wa ya cire na biyar?"

"Magini."

Ya ja carbinsa. Can ya ce Manasseh, shugaban leburorin, ya tafi Sunkani tun jiya zai kula masa da gona, kuma ba zai dawo ba sai bayan wata guda. Bai tambaye ni ko akwai wani zane ba. Mutum mai hankali ne, bai taɓa tambayar abin da ba ya son ji ba.

Ni ba injiniya ba ne, zanen gini na karanta shekara biyu. Gari ne ya sa mini sunan, ban ga dalilin da zan ƙaryata gari ba.

Talata, 14 ga Yuli, ƙarfe bakwai na safe

Na taya Rauda hura wuta. Icen ya jiƙe, na ce ina da tsohuwar takarda. Shekara biyar da aurenmu ba ta taɓa ganina a bakin murhu ba. Ta tsaya riƙe da tukunya tana kallona har takardar ta cinye.

Takarda mai kauri ce, ta daɗe tana ci.

Alhamis, 16 ga Yuli, bayan magariba

Rauda kullum tana asibiti. Tare suka yi firamare da Dinatu, benci ɗaya. Da safe ta dama kunu, da rana ta kai tuwo, ta dawo ta zauna tana ba ni labarin da ban tambaya ba.

Yau ta ce likita ya yi abin da ya ce zai yi. Duka biyun.

Na ce miyar ta yi gishiri. Ta ce, "Baban Mufida, tela ce fa. Da me za ta taka keke?" Na ce akwai keken hannu. Ta kwashe kwanonin tun ban gama ba.

Kwana uku aka yi ana ruwa. Kankare yana shan ruwa, ya ƙara nauyi. Kowane ɗalibi ya san wannan.

Asabar, 18 ga Yuli, da la'asar

Tunda littafin nan nawa ne, bari in rubuta abin watan Maris.

Na biyar yana tsaye ne a tsakiyar babban shago kamar baƙon da ya ƙi tafiya. Duk wanda ya shigo daga titi shi zai fara cin karo da shi. Ina son mutum ya tsaya a bakin ƙofa ya hango hasken ƙofar baya, ƙafa arba'in ba abin da ya tare masa ido. Na lissafa, na ga bim na kankare da rodi shida zai ɗauki nauyin. Na sake zane a falo, Rauda na yi mini fifita.

Baba Tobias abokin mahaifina ne. Yana saurayi aka gina sito, yana cikin masu sassaƙa dutsen. Shi ya gina gidan da nake zaune a ciki. Shekara sittin da wani abu a garin nan, har yau bai san namiji da mace a Hausa ba. Da na shimfiɗa masa takardar ko kallonta bai yi ba. Ya je ya dafa dutsen ya ce, "Awalu, wannan ita ne yake riƙe da kan gida. Ka cire ta, gida zai zauna ƙasa."

Na ce na lissafa.

Ya ce, "Takardarka ba shi da nauyi. Siminti yana da nauyi." Ya juya wajen leburori, ga Alhaji a tsaye, ya nuna gindin ginshiƙin ya ce, "A nan wurin na share masa majina da rigana. Yanzu ya zama injiniya."

Suka yi dariya. Har Alhaji ya sa hannun riga ya rufe baki.

Na bari suka gama. Sannan na ce masa zaɓi biyu ne: ya cire, ko gobe in ɗauko magina daga Yola, shi da mutanensa sha biyu su koma gida su ci dariya. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Akwai mai 'ya'ya bakwai a cikinsu.

Kwana huɗu ya yi yana cirewa. Bai yarda kowa ya taya shi ba. Aikin da lebura biyu za su gama kafin azahar.

Litinin, 20 ga Yuli, ƙarfe takwas na safe

Matiyu ya zo tun ban yi wanka ba. Kafinta ne, ƙato, amma ya durƙusa a ƙofar gidana kamar mai neman aure.

"Yaya Auwal, Baba yana da ciwon ƙafa. Ƙasan wurin akwai sanyi. Ka yi magana ɗaya kawai."

Na ce maganar tana hannun hukuma.

"Kai ka san abin da ya faru."

Na ce abin da na sani yana kan takarda, takardar kuma tana da hatimi. Na ce idan yana son taimakon ubansa ya kai masa bargo.

Ya miƙe a hankali. Ya dubi bangon zaurena, ya shafa shi da tafin hannu, ya ce, "Ginin Baba ne wannan." Ya tafi bai yi sallama ba.

Bangon yana buƙatar fenti. Zan sa a yi.

Laraba, 22 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Kwamitin bincike ya zauna. Mutum uku ne, da akawu. Ɗakin yana warin jiƙaƙƙen fayil.

Na yi magana minti ashirin, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce zane ya nuna tara. Na ce a watan Maris na yi tafiya Yola kwana biyar, na dawo na tarar an cire, magini ya ba ni tabbacin bim zai riƙe, na girmama furfurarsa. Na ce kuskurena kenan, girmama furfura. Shugaban ya gyaɗa kai, maganar ta yi masa daɗi. Na yi maganar ruwan kwana uku.

Tafiyar Yola gaskiya ce. A watan Afrilu na yi ta.

Aka shigo da Baba Tobias. Ya rame, yana jan ƙafar hagu. Shugaban ya miƙa masa zanen ya ce ya nuna na biyar. Ya riƙe takardar a kife. 'Yan kallo suka yi dariya, ni ma na yi.

Ya ce, "Ba wannan takarda ba ne. Akwai wani."

"Ina yake?"

Ya juyo ya dube ni. Ba da fushi ba. Kamar yadda ake duban yaro ana jira ya gaishe da baƙo. Na gyara hulata.

Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko maginin yana shan burkutu a bakin aiki. Ban shirya wa wannan ba, ba ta cikin ɗaya littafin. Na ce ban taɓa gani da idona ba, amma wasu ranakun nakan ji wani wari. Akawu ya rubuta.

Dattijon coci ne. Mahaifina yakan ce shekara talatin ko kunun da ya kwana Tobias ba ya sha.

Ba wanda ya tilasta ni faɗin wannan. Da kanta ta fito, kuma ta zauna daidai.

Alhamis, 23 ga Yuli, da rana

Sati biyu. Na ci abinci sosai.

Lahadi, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Rauda ta tura Mufida maƙwabta, ta rufe ƙofar falo, ta zauna a ƙasa.

"Baban Mufida, zanen da ka yi a nan ina yi maka fifita, ina yake?"

Na ce zane ɗaya na sani.

"Na ga abin da ya ci a murhu."

Na ce to ta san inda yake, me ya sa take tambaya.

Na ɗauka ta gama. Sai ta ce, "Dinatu ta gaya mini kai da kanka ka je har gindin mangwaron da take ɗinki. Ta ce ka ce mata babban shago bai dace da kowa ba sai ita. Ina ta murna a lokacin, na ce mijina ya tuna da ƙawata. Me ya sa ita?"

Na ce alheri na yi.

Ga abin da ban gaya mata ba. Bayan an gama aiki, ƙananan shagunan sha shida suka cika cikin sati ɗaya. Babban ya yi wata biyu a rufe. Baba Tobias yana yawo a gari yana cewa ko akuyarsa ba zai bari ta kwana a ƙarƙashin benen ba. Mai yadi ya zo ya fasa. Mai kemis ya zo ya fasa. Na ce to, bari mu ga ko zai ci gaba da faɗa idan 'yarsa ce a ciki.

Ya kuwa daina faɗa. Ya je ya roƙe ta, ta ce masa shekara tara tana kwashe keke duk lokacin da hadari ya taso, ta gaji. Daga nan kullum da safe sai ya zo ya tsaya a tsakiyar shagon, daidai inda dutsen yake a da, ya ɗaga kai yana duban bim. Ranar Alhamis ɗin ruwa ya tare shi a gidansa a Abbare, rafi ya cika.

Ban yi zaton zai faɗo ba. Na lissafa. Ina so a san wannan, ko da yake ba mai karantawa.

Talata, 28 ga Yuli, ƙarfe biyu na rana

Rauda ta tafi gidansu da safe da akwati. Kafin azahar direban Alhaji ya dawo da ita da akwatin. Ban san abin da ya gaya mata ba. Ta ɗora tukunya.

Tun daga lokacin idan za ta ajiye mini abinci sai ta ajiye a bakin ƙofa, kamar yadda ake ajiye wa mai ƙyanda.

Juma'a, 31 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Sau uku Dinatu tana aikowa tana son ganina. Alhaji ya ce in je, rashin zuwa zai jawo magana. Na sayi lemo.

Ɗakin mata ne, gado goma sha biyu. Tana can ƙarshe. Zanin da aka lulluɓa mata ya kwanta a inda bai kamata ya kwanta ba. Akwai wari. Wanda ya gina ɗakin ya sa tagogin duka a gefe ɗaya, iska ba ta da hanyar fita.

"Yaya Auwal, ka zo. Sannu da hanya."

Na ce ya jiki. Ta ce da sauƙi. Idonta ya yi rawaya, leɓenta ya bushe.

"Sun ce Baba ya tafi aiki Sunkani, shi ya sa bai zo ba. Na san ƙarya ne. Baba ba zai yi kwana ɗaya bai zo ba." Ta huta. "Ka gaya musu ya hana ni shiga. Har kuka ya yi. Ni ce na ƙi ji. Kai ma ka ce mini tsufa ne ke damunsa, ka tuna?"

Na ce na tuna.

"To ka gaya musu. Mutumin da ya hana 'yarsa shiga, ai ba shi ya so a cire ba. Su suna jin maganarka."

Na ce in sha Allahu.

"Na gode da shagon. Wata ɗaya da rabi na yi ban kwashe keke ba. Wurin akwai haske, daga ƙofa har ƙofa."

Ita kaɗai ce a garin nan ta lura.

Na bar lemon a kan loka. A waje na tarar wani ya jingina kekensa a jikin motata ya karce fenti. Na yi masa tas.

Asabar, 1 ga Agusta, da safe

Ban gaya musu ba. Yau ma Asabar ce, ba kowa a ofis.

Litinin, 3 ga Agusta, ƙarfe sha biyu da rabi

Rauda ta dawo da kular abinci a cike. Ta ajiye a tsakar gida, ta canza mayafi, ta tafi Abbare. Ba ta nemi izini ba.

Tuwon shinkafa ne da miyar kuɓewa. Bai huce ba.

Laraba, 5 ga Agusta, bayan magariba

An saki Baba Tobias jiya da yamma, bayan an riga an rufe Dinatu. Matiyu ya yi ta roƙo a jira, amma yanayin jikin bai ba da dama ba.

Rahoton kwamiti ya fito. Shafi huɗu. Sakacin magini, da ruwan sama mai yawa. An hana shi sake ɗora dutse a kan dutse a cikin garin nan. Ba za a kai shi kotu ba, wai abin da ya same shi ya isa. An ce a cocinsu ma sun ce ya ɗan sauka daga kujerar dattawa har maganar warin ta lafa.

Sunana ya fito sau biyu, duka da "Injiniya" a gaba. An ba da umarni a mayar da ginshiƙi na biyar kamar yadda yake a zane kafin a sake buɗe shagon.

Kamar yadda yake a zane. Na karanta layin sau da yawa.

Asabar, 8 ga Agusta, da hantsi

Alhaji ya ce in sa bulo a cika da kankare a yi filasta, kwana biyu an gama. Na ce a'a. Karo na farko kenan da na ce masa a'a.

Takwas na dutse, ɗaya na bulo a tsakiya, kamar haƙorin roba a bakin dattijo. Duk wanda ya shigo zai nuna ya ce ga wurin. Idan dutse ne irin na sauran, shekara biyar ba mai tunawa.

Na zaga wajen masu fasa dutse a bakin tsauni. Tsakuwa suke yi. Ba wanda ya iya sassaƙa kusurwa huɗu yanzu. Wani ya ce mini mutum ɗaya ne ya rage a Jalingo da ya iya, ya fara faɗin sunan, sai ya gane ni ya yi shiru.

A watan Maris na ce a zubar da tsofaffin duwatsun a kwazazzabon bayan sito. Na sauka har ƙasa da takalmina mai kyau. Ba ko ɗaya.

Talata, 11 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Manasseh ya dawo daga Sunkani. Yana magana yana kallon ƙafarsa. Ya ce tsohon bai zubar ba. Kowace yamma yakan ɗora biyu ko uku a baro ya tura har Abbare, ya jera a bayan gida, ya ce wata rana za a neme su. Guda arba'in da uku.

Na ce madalla, gobe a kawo mota.

Ya ce, "Injiniya, ba su nan a jere yanzu." Na ce ina suke. Ya ce ƙasar wurin da aka rufe Dinatu tana da laushi, ga damina, ga karnuka. Ya ce tsohon da ya fito bai shiga ɗaki ba, bai ci abinci ba, sai da ya gama jera mata su.

Na ce dutsen Alhaji ne.

Ya ɗaga kai ya dube ni. Ya ce shi dai ba zai je ba, ko za a kore shi.

Laraba, 12 ga Agusta, da safe

Ban san yadda Rauda ta ji ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi mini magana, karo na farko cikin sati biyu.

"Baban Mufida, akwai abin da kake tsoro kuwa a duniyar nan?"

Na ce ta duba ko an goge mini farar riga.

Alhamis, 13 ga Agusta, bayan magariba

Alƙalami ba ya zama a hannuna, rubutun zai karkace.

Na tafi da a-kori-kurar Alhaji da leburori biyu sababbi, baƙi daga Wukari waɗanda ba su san kowa ba. Gidan yana ƙarshen Abbare. Mata suna zaune a tsakar gida, ba wadda ta amsa gaisuwata. Rauda tana cikinsu. Ban san ta zo ba.

Wurin yana bayan gida, gefen masara. Ya jera su hawa biyu, kusurwa ta haɗu da kusurwa, ba siminti ba laka, ko wuƙa ba za ta shiga tsakani ba. Na daɗe ban ga aiki mai kyau irin wannan ba.

Yana zaune a kan kututture. Na ce, "Baba Tobias, ya haƙuri." Ya ce, "Awalu." Na gaya masa abin da ya kawo ni. Na karanta masa layin rahoton.

Matiyu ya fito daga cikin masara da fartanya a hannu. Leburorina suka ja da baya. Tsohon ya ɗaga hannu kawai, Matiyu ya tsaya yana huci.

Ya tambaye ni, "Mutane za su sake zama a ƙarƙashi?"

Na ce mai kemis ya riga ya yi magana.

Ya daɗe yana kallon duwatsun. Sannan ya ce, "To ka ɗauka. Bulo ba zai riƙe ba. Amma baƙo ba zai taka wurin yarinyana ba. Kai ta sani."

Ya miƙe da ƙyar, ya sunkuya, ya ɗago na wajen kai, ya ɗora mini a hannu. Na kusa durƙushewa. Shi da ciwon ƙafarsa ko nishi bai yi ba.

"Manya a ƙasa," in ji shi. "Masu layi biyu a jiki, su ne na sama. Kar ka juya."

Daga nan ya koma kan kututturensa. Taku sittin ne daga wurin zuwa mota. Na fara da hantsi. Matan suka taso suka tsaya a jikin danga, ba mai kuka, ba mai zagi. Da wani ya zage ni da ya fi sauƙi. Wajen na goma fatar tafina ta saɓule. Wajen na ashirin rigar ta tashi daga fara. Leburorin suna zaune a bayan mota suna cin gyaɗa. Wata tsohuwa ta ɗebo ruwa a ƙwarya za ta kawo mini, Rauda ta karɓa daga hannunta ta zubar a gindin masara.

Da na kwashe hawa na ƙasa sai jar ƙasar ta bayyana. Ta riga ta lotsa a tsakiya. Gajere ne wurin, bai kai tsawon da na zata ba. Ban sake kallon can ba, na riƙa kallon dutsen da ke gabana.

Na gama bayan la'asar, hadari yana haɗuwa ta gabas. Ina tayar da mota na hango shi ta madubi, ya cire rigarsa yana shimfiɗawa a kan ƙasar.

Arba'in da uku cif, na ƙirga a sito. Ɗaya ya suɓuce mini a hanya, kusurwarsa ta ɓantare. Zan sa wannan gefen ya kalli ciki, ba wanda zai gani.